Yadda Na Shiga Gidan Surukai da Baya

Bari in faɗa da bakina kafin matata ta riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ba na neman wanda zai taya ni ɗaukar wautar, ni kaɗai na yi abata.

Na yi aikin reluwe a Kafanchan har na ci fansho. Na tsaya gab da kan jirgi yana huci, ban matsa ba. Na kashe maciji a gonar citta da ƙotar fartanya. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma in na sa tabarau na buɗe littafin waƙoƙi a coci, baƙo sai ya ɗauka tsohon hedimasta ne. Abu ɗaya ne a duniyar nan yake sa ni gudu: talotalo.

Ina yaro aka aike ni gidan mishan da ƙwai a ƙwarya. Wani jibgegen talotalo ya baza wutsiya, wuyansa ya yi jawur, ya biyo ni. Ya haye bayana, ya sassare ni a ƙeya, ƙwai suka fashe, igiyar wandona ta tsinke. Tun daga ranar, in na ji kukan nan nasu na gulu-gulu, ba tunawa nake yi ba, komawa nake yi. Ina jin faratansa a kafaɗata, ina jin ƙarnin ƙwai, zufa ta karyo mini. Furfura ta zo, tsoron bai tafi ba.

To, sai ɗan marigayi yayana ya samo matar aure a Madakiya. Ni ne babba da ya rage a gidanmu, ni zan je in yi magana a madadin ubansa. Na amsa da murna, sai yaron ya ƙara da cewa, "Kakarta ma tana kiwon talotalo, Baba, har na sayarwa." Ranar farko da aka sa, bayana ya riƙe. Rana ta biyu, hawan jini. Sai saƙo ya zo daga gidan yarinyar cewa in ba mu zo a ta uku ba, kada mu wahalar da kanmu da ta huɗu. Auren mutum na neman lalacewa saboda tsuntsu.

Matata ce ta tasa ni gaba zuwa coci ranar Laraba. Akwai wata nas da take zuwa tana zama da mutanen da rikici ya bar wa tabo a zuciya, irin waɗanda ƙarar fashewar taya take sa su watsar da tire su kwanta a ƙasa. Na zauna a benci ɗaya da su, kunya ta ishe ni, don nasu ba abin wasa ba ne. Da layi ya zo kaina, nas ɗin ta ce, "Baba, a wannan hanyar ba sai ka gaya mini abin da ya faru ba. A cikin kanka za mu yi aikin." Na ce a raina, Allah ya rufa asiri. Na gyara zama kamar wanda ya ga yaƙi.

Sai muryar matata daga bakin ƙofa: "Talotalo ne, 'yata."

Nas ɗin ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina sa mata albarka. Ta ce jiki ba ya tambayar mene ne ya tsorata shi. Ta sa na rufe ido, na ja numfashi a hankali, na tuna wurin da na fi samun kwanciyar hankali. Na tuna, amma a matsayina na dattijon ikilisiya ba zan rubuta wurin ba.

"Yanzu ka ga talabijin a gabanka, rimot yana hannunka. Ka gani?"

"Na gani."

"Kunna."

Na danna a zuci, na sake dannawa.

"Baba, ka kunna?"

"'Yata, an ɗauke wuta."

"A cikin kanka fa muke, Baba. Can ba a ɗauke wuta."

"Kaina a garin nan yake."

Ta ce to in tayar da janareto. Na ja igiya sau uku a zuci kafin ya kama. Ta ce in kalli abin kamar tsohon kaset na bidiyo, tun daga lokacin da ina lafiya kafin ya faru, in tura shi da gudu har inda na tsira. Sannan in shiga cikin hoton, in mayar da shi baya da sauri. Na yi. Wallahi abin kallo! Ƙwai suka tashi daga ƙasa suka haɗe suka koma ƙwarya, wando ya hau da kansa ya ɗaure, talotalo ya sauka daga bayana yana gudu da baya kamar an kira shi gida. Muka yi ta yi, gaba, baya, gaba, baya, har abin ya fara gundura ta. Ta ce gundurar nan ita ake nema.

Laraba uku na je. Bayan ta ukun na bi ta layin masu kaji a kasuwa da gangan. Wani talotalo ya yi kukansa. Gabana ya faɗi, amma ban gudu ba, ƙarnin ƙwai bai zo ba. Da a nan na tsaya, da yau ni ne gwanin labarin.

Amma mai aji huɗu ba ya barin ilimi yadda ya same shi, sai ya ƙara nasa. Na zauna na yi nazari: in mayar da baya a cikin kai ya yi rabin aiki, mayar da baya da ƙafa zai gama shi. Mu a reluwe, taragon da ya fi nauyi da baya muke tura shi ya shiga layinsa. Ban shawarci kowa ba.

Ranar Asabar muka isa Madakiya, ni da matata da ɗan yayana da jarkokin abin sha. A ƙofar gida na gyara hula, na juya, na runtse ido, na fara takawa da baya ina cewa, "Gafara dai! Sannunku da gida!"

Na ji kujeru suna motsi. Uban yarinyar ya ce, "Tsaya nan! Me ka ɗauko da ba ka so ya ga fuskarmu?" Wata ta fara addu'a da ƙarfi da yarensu. Wani ya ce a garin nan mai shigowa da baya, ko magani ya kawo, ko ya zo ya ce an fasa. Ɗan yayana ya riƙe mini riga yana raɗa, "Wayyo Baba, yau ka kashe ni." Uban ya ce a mayar da jarkoki mota.

Matata ta ajiye jakarta ta shiga tsakiyar fili. Ba ta rage komai ba: ƙwarya, ƙwai, wando, janareto. Kafin ta gama, mai addu'a ta zauna a ƙasa tana share hawayen dariya. Aka juyo da ni kamar buhu, aka ba ni kujera. Na yi maganar da ta kawo mu, kuma na yi ta da kyau. Suka karɓa, aka sa rana.

Aka kawo shinkafa da wani ƙaton nama. Na ci, ƙarfina ya dawo, bakina ma ya dawo. Na dubi kakar yarinyar, tsohuwa ƙarama mai haƙori biyu, na ce, "Mama, ku yi dariya, amma dabara ta ci. Tun da na shigo, ko ɗaya a cikin talotalonki bai yi gigin leƙowa ba. Sun san wanda ya zo."

Ta nuna ƙashin da ke hannuna da haɓa.

"Suruki, na sayar da su tun wancan mako. Ɗaya ya rage, ga cinyarsa ka gama. Ka shigo mana da baya dominsa, shi ma ta baya zai bar ka."