Ɗan Naman da Na Baro a Haɗeja

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, ni da surukata da jikana. Yaron nan an haife shi da leɓen sama a tsage, tsagin ya hau har ƙofar hanci. In ya kama nono, rabi ya shiga ciki rabi ya zubo, ga shi ya doshi wata biyar bai cika hannu ba. Sai labari ya iso mana cewa likitoci masu ɗinkin leɓe sun sauka a Haɗeja. Ubansa yana kudu wajen nema. Uwarsa kuwa ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban mutane ta yi magana a kansa. To, tafiya ta faɗo kaina.

Malam, wato maigidana, ya rako mu bakin ruwa. Tun ran suna suke takara da yaron, don ni ina ce masa angona, shi kuma yana ce masa ɓarawon mata. Amma ran nan babu wasa a fuskarsa. Ya ce, "Ki ji da kyau. Duk abin da suka yanke a jikinsa, ko bai fi ƙwayar gero ba, ki ƙullo mini. Inda muka binne cibiyarsa da gashin sunansa, nan za shi." Na ce to. Haka muka gada, abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ake ba wa, ba a barin sa a hannun baƙo.

Muka shiga kwale-kwale. Kacalla ta cinye hanyar ruwa, mai jirgi yana turawa yana zagin ciyawar kamar tana jin sa. An riga an yanke alkama, shinkafar rani ta yi kore shar, injinan ban ruwa sai ƙugi suke. A Kirikasamma muka sami mota, direba ya cusa mu tsakanin kwalayen busasshen kifi. Kuɗin da a da zai kai mutum Kano ya dawo da shi, yanzu iyakarsa Haɗeja, in ka yi magana a ce maka mai ne. Wata mata ta ɗaga mayafin yaron ba sallama, ta tambayi uwar ko ta yi wa wani dariya tana da ciki. Na ce mata, "Ikon Allah ne, baiwar Allah. Lura da kifinki."

Haɗeja ta cika ta batse, babura da kekuna masu ƙafa uku kamar an tashi gidan tururuwa. Kifin da muke ƙulla wa baƙo kyauta, a nan an kasa shi ana ciniki ana rantsuwa. A ƙofar asibiti na sayi mangwaro na sha, na rasa inda zan yar da ƙwallon don wurin a share yake tas, sai na ƙulle shi a bakin zane.

Da na ɗauka mu kaɗai aka jarraba. Ashe muna da yawa. Ga Fulani, ga Barebari, har da wani magidanci mai gemu da ya rayu da nasa tsagin. Kusa da mu akwai wata yarinya da aka taɓa yi wa ɗinkin, amma tabon ya yi kauri ya janye leɓen sama, an dawo da ita gyara.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar autata ba. Ta duba yaron, ta auna shi, ta ce za a yi. Sannan ta gyara zama ta ce, "Iya, in mun daidaita bakin tsagin akwai ɗan naman da ke saura, bai kai farcenki ba. Muna roƙon ku bar mana shi."

Na ce, "Ku yi me da shi?"

Ta fito da wayarta ta nuna mini hoto. Ni dai abin da na gani kamar an watsa gero a kan jan zane. Ta ce naman leɓe ne aka yanka siriri, aka rina, aka duba da na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Ɗigogin nan kuwa masu tsaron jiki ne. In an ji ciwo su ke rugowa wurin, su yaƙi cuta, su share ɓarna, zuwansu ne ke kawo ja da zafi da kumburi. In sun gama suka janye, wuri ya warke sumul. In suka zarce, tabo kan yi kauri. Ta ce suna so su gane halin da masu tsaron nan ke ciki a tsagaggen leɓe tun kafin a sa wuƙa, ko a san abin da ya sa wani ke warkewa lafiya wani ya dawo gyara. "Ba mu gama sani ba, Iya, dubawa muke. Kuma ba dole. Ko kun bayar ko kun hana, ɗinkinsa ɗaya ne."

Na ce na yi alkawari a gida. Ta ce ba komai. Har ta miƙe, sai na tambaye ta, "Wannan na hoton, na wane ne?" Ta ce ba su sa suna, amma na ɗan wasu ne, iyayensa suka yarda.

Na dubi yarinyar nan mai tabo. Na daɗe ina dubanta. Can sai surukata, wadda tun daga gida ba ta ce uffan a kan yaron ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a bar musu." To, mai abu ta yi magana. Na ce da likita ta ɗauka, abin da ke tsakanina da Malam ni zan ji da shi.

Washegari aka yi aikin. Da aka fito da shi bakin ya haɗe, ni kaina sai da na sake dubawa kafin na gane angona. Kashegari leɓen ya yi ja ya kumbura, uwar ta rikice. Ni ban rikice ba, na ce masu tsaro ne suka iso. Mu da ke zaune a fadama mun san wannan hali a wurin ruwa, in ya zo ya koma an ci shinkafa, in ya zo ya zauna an yi asara. Muka yi ta ba shi nono a cokali muna jira, har kumburin ya fara saɓewa aka sallame mu.

Da muka sauka daga jirgi Malam yana tsaye. Ya karɓi yaron, ya duba bakin. A gida na tarar ya riga ya haƙa ɗan rami a bayan ɗaki, daf da inda cibiya take. Ya miƙo hannu. Na gaya masa yadda aka yi ban rage ba. Ya ce, "Na aike ki da magana, kin dawo mini da labari." Na ce haka ne.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ƙasa takan riƙe amana, amma akwai amanar da ta fi amfani a hannun mai ido. Malam bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ba. Yana tsugune gaban ramin sai ya ga ƙulli a bakin zanena, ya ce mene ne. Na kwance, ƙwallon mangwaro ne. Ya juya shi, ya jefa a ramin, ya tura ƙasa da ƙafa. Ya ce, "Ba a barin rami da yunwa. In ya yi 'ya'ya, ɓarawon matan nan ya sha da bakinsa."