Ranar da Na Zame Daga Babur ɗin Malam

Sai ga ni zaune cikin rairayi a hanyar Darki, ni kaɗai, ƙarar babur ɗin maigidana tana ta nisa.

Ina amarya lokacin, kafin 'yancin kai. Hawana na farko ke nan. Na shagala da kallon gonakin dawa suna gudu da baya, na saki ƙarfen sirdi. Shi bai sani ba.

Can ya dawo a firgice.

"Me ya hana ki riƙe ni?"

"Haba Malam, a gaban mutane?"

Ya duba hagu da dama. "Dawar ce surukarki?"

Na kama rigarsa, muka tashi sai ka ce iska ta ɗauke mu. Ikon Allah!

Ku fa, wa kuka riƙe a hawanku na farko?