Ranar da na yi wa Farfesa musu

Shekarun baya kaɗan, lokacin da korona ta garƙame kowa a ɗaki, ina zaune a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Taman Melati, ina karatun digiri na uku a fiziks. Kafin a bar mutum ya fara bincike sai ya ci wata jarrabawar tantancewa, ta rubutu da ta baki, kuma dama biyu rak ake bayarwa. Ka faɗi ta biyu, gwamnatin da ta turo ka ta janye hannunta, ka tattara komatsanka ka koma gida. Ni kuwa na riga na faɗi ta farko.

Abin haushin, ba rashin sani ne ya kayar da ni ba. Ta rubutu na wuce ta lafiya lau. A ta baki, malamai uku ne a fuskar kwamfuta, babbansu wani farfesa mai furfura, sa'an mahaifina. Ya ce, "Idan aka kulle ƙwayar lantarki a akwati, ƙarfinta yana iya sauka har sifili, ko ba haka ba?" Ɗan aji biyu a jami'a ma ya san ba haka ba ne. Ni da kaina na koyar da wannan darasi a kwalejinmu. Amma dattijo ne ya faɗa, kuma a gaban mutane. Sai kawai na ji kaina ya sunkuya, bakina ya ce, "Haka ne, Prof."

Bayan kwana biyu malamar da ke duba aikina ta kira ni. Ta ce tarko ne, da gangan yake yi wa kowa don ya ga wanda zai tsaya a kan abin da ya sani. Sannan cikin lallami ta ce ko zan haƙura in karɓi ƙaramar shaida in tafi da mutuncina, maimakon in sake faɗuwa in tashi a tutar babu. Na ce mata na gode, amma jarrabawar nan sai na sake zama. Ko wannan ɗan musun sai da na yi gumi kafin ya fito.

Abokin zamana ɗan Filato ne, yana aiki a wani otal a unguwar Bukit Bintang, dokar kulle ta zaunar da shi ba aikin fari. Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mallam, wato ka san answer, ka bar wa baba? Kai, ladabi zai kashe ka a ƙasar mutane o!"

Shi ya kawo dabara. Kullum bayan shayin safe sai in tsaya a gilashin ƙofar baranda da alƙalamin allo ina warware lissafi, shi kuma ya hakimce a kujera ya ɗora farin tawul a ka, wai furfura. Aikinsa ɗaya ne, duk inda ya ga dama ya ce, "Ba haka ba ne." In na ja da baya, ni zan je in bi layi a mamak, wato gidan abincin unguwa, in yo mana tapau, abincin da ake ƙunsowa a kawo gida; in na tsaya a kan amsata, shi zai je. Makon farko ni na yi ta jigilar abinci. Mutumin da bai san komai a fiziks ba zai ɓata rai, sai in ga hannuna yana goge amsar da take daidai.

"Me ya sa ka goge?" in ji shi. "Ni fa ko sunan wannan harafin ban sani ba!"

Na ji kunya, daga baya kunyar ta koma zuciya. Na fara mayar masa, "Haka ne, zauna in nuna maka." Kuma wajen nuna masa daga tushe na gano wurare da dama da hadda kawai na yi tun a gida, ban taɓa fahimtarsu ba. Wata huɗu muna wannan rigima, sai ga shi ya san hanyar mamak fiye da ni.

Ranar jarrabawa ta biyu na sa kaftanina na zauna gaban kwamfuta. Farfesan nan dai ya ba ni lissafin lilo da iska ke rage wa gudu. Na rubuta a takarda na ɗaga masa. Ya ce alamar ɗebewar nan kuskure ce, tarawa ya kamata.

Na ce, "Prof, a gafarce ni, ɗebewa ce."

Na jira ya yi murmushi ya ce na tsallake tarko. Bai yi ba. Ya haɗe rai ya maimaita. A nan na gane yau babu wani tarko, da gaske dattijon ya yarda da abin da yake faɗa. Wallahi wuyana ya fara neman sunkuyawa, na hana shi. Na ɗauki sabuwar takarda na faro daga layin farko, na nuna masa in tarawa ce, lilon zai yi ta ƙara gudu da kansa ba mai tura shi. Ya ɗauki biro ya duƙa yana rubutu, ni kuma ina kallon tsakiyar kansa ina salati. Can ya cire tabarau ya ce, "Kai ne daidai. Boleh, ci gaba." Boleh a yarensu "ya yi" ke nan. Na ci jarrabawar.

Har yau ina durƙusawa in gaida manya, kuma ba farfesan da zai raba ni da wannan. Abin da na daina shi ne cewa haka ne alhali na san ba haka ba ne, ko waye a gabana. Wasu a wurin aiki suna ce mini mai taurin kai, ban damu ba.

Wanda na fi jin tsoron gaya wa shi ne mahaifina. Na kira shi da yamma na ba shi labari a daddafe.

"Ka ce wa malaminka ya yi kuskure?"

"Na ce, Baba."

"A gaban mutane?"

"A gabansu."

Sannan ya ce, "To, ya yi kuskuren?"

"Ya yi."

"Ai da ka bar shi a kai, da ka ci amanarsa."