Tsagar Bangon Ɗakin Inna

Ina aji uku a jami'a, ina karatun duwatsu, aka sa mana wata manhaja a kwamfuta. Za ka jera shimfiɗun dutse launi-launi, ka matse su ta gefe, ka ga suna lanƙwashewa kamar tabarmar da aka tura da ƙafa. In ka ƙara matsi sai su tsage, ɓangare guda ya zame ƙasa. A gefen allon shekaru ke gudu, miliyan bayan miliyan, kafin ka gama kurɓar shayi. In abin bai yi maka ba, ka danna wani wuri komai ya koma yadda yake. Na ƙware a kanta, kaina kuwa ya kumbura.

Gidanmu na unguwar Manawashi, bayansa kwari ne da ruwa ke ci kowace damina. Kafin ruwan farko mutanen layinmu kan cika buhuna da yashi su jera a bakinsa. Mahaifinmu ma haka ya yi ta yi har ya rasu.

Wata Asabar na dawo gida, mahaifiyata, Inna, ta ja ni bayan ɗakinta. Bangon ya tsage tun daga sama, tsagar ta sauko ta bi ƙasa. Ta soka tsinken tsintsiya a ciki, ya shige duka.

"Kai da kake karatun ƙasa, duba mini," in ji ta. "A jera buhuna, ko in kwashe kayana?"

Da na ce ban sani ba, da ya fi. Sai na buɗe kwamfuta a kan tabarmarta, na tsaga mata dutse a allo, na mayar da shi, na sake tsagawa. Na ce, "Inna, kafin ƙasa ta motsa haka sai an yi shekara miliyan. Siminti ne kawai ya bushe, a shafe wurin."

Malaminmu ya sha faɗa mana cewa manhajar ta dutsen can ƙarƙashin ƙasa ce, ba ta rairayin da ruwa ke rarake gindinsa ba. Na ji da kunnena. Burge Inna kawai na so yi.

Ta daɗe tana kallon launukan, sannan ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Shekarar ba a jera buhu ko ɗaya a bayan gidanmu ba.

Da damina ta yi tsakiya, wata rana da la'asar tana gidan suna, ɗakin ya rufta cikin kwarin. Ya tafi da gadonta da akwatin mahaifinmu da hotonsa ɗaya tilo da muke da shi. Yanzu tana unguwar Madaki, a ɗakin ƙanwarta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Kwanaki na kai mata ziyara, ta ga jakar kwamfutar a kafaɗata. Ta ce, "Ranar nan na ga ka danna wani wuri ƙasar ta koma daidai. Ba ya yi wa namu, ko?"

Ba zolaya take yi ba, amsa take jira. Na ce mata ba ya yi.