Likitan Ƙofar Sauri Ya Ajiye Guduma

Ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa an ɗage fentin motata har sai abin da hali ya yi, bisa umarnin likitanta.

Abin da na shirya sawa yau ke nan don mu yi dariya. Ban kai ga sawa ba labari ya riske ni da safen nan: Malam Lawal mai gyaran bodi na Ƙofar Sauri ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na fara kai masa Fijon nan. Kowa na sake riga a lokacin, na ce ita ma a sake mata launi. Ko kallon launin bai yi ba. Ya kwanta ƙarƙashinta da 'yar guduma, yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Wai ƙarfe mai rai amsawa yake, wanda tsatsa ta cinye kuwa gum yake yi.

Tun ranar nake ce masa Likita, shi kuma Ticha yake ce mini.

Bai taɓa shafa fila don ya rufe ruɓa ba. Yankewa yake, ya ɗinka sabon ƙarfe da walda. Ya taɓa biyo ni kan keke har Babbar Kasuwa don ya tuna noti ɗaya bai ɗauru ba.

Talatar nan na je a fesa wa motar fenti, don ranar Asabar zan mai da ɗiyata Hauwa makaranta a Zariya. Na tarar ya rame, yana tari. Duk da haka ya shiga ƙarƙashi. Ya daɗe yana bugun wuri ɗaya, can baya, inda bodi ke zaune a kan ƙashin motar. Da ya fito bai yi murmushi ba.

"Ticha, ba ta amsa ba. Kada ka tahi da yarinyar nan cikinta sai na buɗe wurin."

Na ce masa likita mai irin wannan tari shi ya fi cancanta a ƙwanƙwasa. Na tuna masa shekarun da motar ta yi tana bin hanyar ba ta taɓa zubar da kowa ba. Ya ƙi fentin. Ni kuma a raina tafiya na nan daram.

Ɗazu da muka dawo daga maƙabarta na tarar an riga an sa akwatin Hauwa a but ɗin motar. Na durƙusa, na lalubo wurin da ya daɗe yana bugu, na danna da makulli.

Makullin ya shige. Jan garin tsatsa ya zubo mini a tafin hannu.

Na sauke akwatin da kaina.

Allah Ya jiƙan Malam Lawal, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Ni ne ban da gaskiya, Likita.