Kofin da Aka Rataye Daban

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, wanda ya halicci 'yan Adam daga ƙasa guda, ya sassaɓa harsunansu da launukansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai mai karatu, kofin shayi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tun da ƙafafuna suka yi rauni nake zaune a gidan 'yata a unguwar Abbey Wood, can ƙasar Turawa, kuma kowace safiya ƙaramar hukuma, wato council, kan turo wani Bature mai kula da tsofaffi ya taimaka mini wajen wanka da sa tufafi. Ran nan na dogara sandata na shiga kicin, sai na ga wani jan kofi rataye shi kaɗai, nesa da sauran. 'Yata ta ce na Baturen ne, ta ware shi don tana zaton haka zan fi so. Na daɗe ina kallonsa, har ya mayar da ni zauren kakana.

Kakana malami ne da ya ga zuwan Turawa da idonsa, bai kuma taɓa yafe musu ba. Bai hau jirgin ƙasa ba, bai ci burodi ba, kuma mai wando irin nasu ba ya limanci a masallacinsa. Turawan su ma sun ja nasu shingen. Tsakanin gari da Bariki akwai fili fetal da aka hana kowa gini, wai don kada sauron da ya cije mu ya cije su. Da damina ciyawarsa kan kai mini ƙirji.

Mahaifina kan tsallaka filin nan ya koya wa wani jami'insu Hausa, abin da kakana ya haƙura da shi bisa tilas. Wata rana da bazara ya tafi da ni. Bayan darasi ƙishirwa ta kama mahaifina, sai kuku ya ciro wani gwangwanin madara daga ƙusa a bayan kicin, ya zuba masa ruwa. Shi ne na baƙar fata. Har yau ina jin ƙarnin tsatsarsa, don ni na shanye ragowar. Da labarin ya kai ga kakana, wuni ya yi yana faɗa, yana cewa an wulaƙanta mutumin da ke ɗauke da Alƙur'ani a ƙirjinsa.

Ba a jima ba gyambo ya fito wa kakana a ƙwauri. Mai zuwa wanke masa shi wani ma'aikacin asibiti ne, Kirista ɗan Kudu, mazaunin Sabon Gari. Ranar da ya nemi ruwa, kakana ya sa aka ciro masa wata tsohuwar moɗa da ke rataye a saman ƙofar zaure, wadda babu mai sha da ita a gidan. Mutumin ya dubi moɗar, ya sha, ya yi godiya. Bayan fitarsa, kakata ta ce daga ƙofar cikin gida, "Malam, ashe mu ma muna da namu gwangwanin."

Moɗar kuwa tana nan a ratayenta har ya rasu, Allah ya gafarta masa.

Na girma na karanta fiƙihu a gaban malamai, na san ragowar ruwan ɗan Adam mai tsarki ne, ko wane ne shi. Na sha karantar da hakan. Amma a gaban jan kofin nan na tambayi kaina, me 'yata ta gani tare da ni har ta yi wannan zato? Sai na tuna watanni ke nan mutumin yana wanke mini ƙafafu, ban taɓa tambayarsa ko ya karya ba.

Washegari na ce wa 'yata ta haɗa wa Baturen shayi a farin kofina. Ta dube ni, ta tambaya da Turanci ko na tabbata. Baturen ya zauna ya sha yana ba ni labarin cunkoson jirgi, bai lura da komai ba. Da ya tafi na ɗauraye kofin kamar kullum, na sha nawa. Jan kofin kuwa yanzu jikata ke zuba fensiranta a ciki.

Allah ya yi maka albarka kai da iyalinka, ya sa duk wanda ya sha ruwa a gidanka ya tashi da mutuncinsa. Amin.