Gafakar Malam Babba

Ranar wata Lahadi cikin watan Satumba, shekarar da nake aji huɗu a firamare, jingar da ta raba unguwarmu da kogin Haɗeja ta karye da hantsi. Ina tsakar gida ina wanke allona sai na ga jan ruwa yana shigowa ta rariya, inda muka saba ganin yana fita. Babana da mazan unguwa suna can gabas tun asuba suna cika buhuna da ƙasa, ruwan kuwa ya ɓullo ta yamma. Inna ta goya ƙanwata, ta ɗora tabarmi a ka, ta bi mata zuwa tudu, ta ce in kamo hannun Malam Babba mu biyo ta.

Malam Babba kakana ne, shi ya koya mini ajami kafin idanunsa su rufe. Ƙafafunsa ma sun daina ɗaukarsa nesa. Na same shi zaune bisa gadon kara, ya rungume gafakarsa, jakar fata da Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa yana saurayi yake ciki, warƙa-warƙa, da tawadar da ɗigon ruwa ya isa ya wanke. Mu yaran fadama ba baƙin ruwa ba ne. A cikinsa muke kamun tarwaɗa, mu hau gora mu haye, mu yini a gonar shinkafa muna korar tsuntsayen jan-baki. Amma ɗaukar dattijo ya fi ƙarfina. Na ja shi, na yi kuka, ruwa ya kai gwiwata, ya kai cinyata, katangar maƙwabta ta zube da ƙara. Shi dai yana ta "Hasbunallahu", bai saki gafakar ba.

Sai na ji ana doka sallama a zaure. Bitrus kafinta ne, wanda ke yi wa makarantarmu benci. Gidansa na kan tudu, inda ruwa bai taɓa zuwa ba. Mutumin ƙasar duwatsu ne, bai iya iyo ba, ko kwalekwale ya shiga sai ya runtse ido, har muna tsokanarsa da "ɗan dutse". Ashe labari ya iske su a coci, suka katse addu'a suka gangaro, kowa ya kama lungu. Bitrus ya shigo da fararen kayansa na Lahadi.

Ya ce, "Baba, kawo jakar in ɗora a ka, yaro ya ja ka." Malam Babba ya ƙara ƙanƙame ta ya ce, "Bitrus, ba a taɓa ta sai da alwala. Tafi da yaron, ka bar ni." Na san kakana ba ya magana biyu. Bitrus ya dubi ruwa, ya dubi tsoho, ya juya baya ya durƙusa. "To Baba, kai riƙe Littafin, ni in riƙe ka."

Haka muka fita. Ina gaba ina lalube da ƙafa, ina faɗa masa inda kwata take da inda aka haƙi ƙasar gini. Ruwa ya kai wuyana, shi ya kai masa ƙirji. A bakin kududdufi santsi ya kwashe shi, ya nitse har haɓa, na ji ya kira sunan Yesu, kakana a bisa wuyansa ya ɗaga gafaka sama yana salati. Ya miƙe, muka ci gaba. Da muka taka tudu ya sauke tsohon a hankali, ya tsuguna ya yi amai, sannan ya koma cikin ruwa don an ce akwai mai jego a bayan masallaci.

Yanzu an yi gidajen bulo a unguwar, kowa da dogon ƙyaure, maƙwabci sai ya shekara bai san wanda ke bayan katangarsa ba. Bitrus ya koma garinsu tun ina sakandare, ban san ko yana raye ba. Ina sa shi a addu'a da sunansa kaɗai, domin a duk zamanmu babu wanda ya tambaye shi sunan garin nasu.